Asalin Mutum-mutumin 'Yanci na Amurka da Wasu Takwarorinsa Biyu a Afirka



An umurce ni da in yi tsokaci kan asalin shahararrun gine-ginen tarihi na duniya. Fagen yana da faɗi, lokaci kuwa ƙanƙane ne, saboda haka zan daɗe a kan guda ɗaya da kowa ya san hotonsa, sannan in leƙa wasu biyu a nahiyarmu.

A mashigin birnin New York akwai siffar wata mace koriya, ta ɗaga fitila da hannun dama, ta rungume allo a hagu. Shi ne Mutum-mutumin 'Yanci. Da yawa suna zaton Amurkawa ne suka ƙera shi, alhali kyauta ce daga mutanen Faransa. Wanda ya fara kawo shawarar wani masanin shari'a ne, Édouard de Laboulaye, mai tsananin adawa da cinikin bayi, bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka a 1865. Wannan ne ya sa akwai tsinkakkiyar sarƙa a ƙafafun matar, ko da yake mai tsayuwa a ƙasa ba ya iya hangen ta. A jikin allon kuwa an rubuta 4 ga Yuli, 1776, ranar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, masassaƙin, Frédéric-Auguste Bartholdi, Masar ya fara nufa da irin wannan tunani. Ya kai wa Khedive Isma'il zanen wata baƙauyiyar Masar riƙe da fitila, don a kafa ta a bakin mashigin ruwan Suez da aka buɗe a 1869. Aka ce kuɗin ya yi yawa, maganar ta mutu. Rabon Amurka ne ya rantse.

An ƙera jikin da fallayen jan ƙarfe, injiniya Gustave Eiffel kuma ya tsara ƙashin ƙarfen da ke riƙe da shi daga ciki. Launinsa na asali ja-ja ne. Iska da ruwan sama ne suka mayar da shi kore a hankali. Tsawonsa mita 46, idan aka haɗa da dandamalinsa ya kai mita 93. A 1885 aka kwakkwance shi gida 350, aka zuba a akwatuna 214, jirgin ruwa ya tsallaka teku da shi.

A nan ne gizo ke saƙar. Kaya sun iso, amma dandamalin da Amurkawa suka ɗauki nauyin ginawa bai kammalu ba, kuɗi sun ƙare, attajirai sun noƙe. Sai wani mai gidan jarida, Joseph Pulitzer, ya buɗe asusun taimako, ya yi alkawarin buga sunan duk wanda ya ba da wani abu, komai ƙanƙantarsa. Mutane fiye da 120,000 suka amsa kira, akasarinsu abin da suka bayar bai kai dala ɗaya ba, aka tara sama da dala 100,000. Ranar 28 ga Oktoba, 1886, shugaba Grover Cleveland ya jagoranci bikin buɗewa. Abin mamaki, siffar mace ce ake karramawa, amma mata ƙalilan aka bari suka taka tsibirin ranar, har masu fafutukar 'yancin zaɓen mata suka yi hayar jirgin ruwa suka kewaya wurin don nuna rashin amincewa.

Ma'anarsa ma ta sauya daga baya. Daga 1892 zuwa 1954 baƙin haure kimanin miliyan 12 suka shiga Amurka ta tsibirin Ellis da ke kusa, shi suke fara hangowa daga jirgi. Sannu a hankali aka manta da batun sarƙa, ya koma alamar maraba da baƙi.

Mu dawo gida Afirka. A Dakar akwai Mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka, siffar magidanci da matarsa da ɗansu, na tagulla, wanda shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe a 2010, shekara 50 da 'yancin Senegal. Wani kamfanin Koriya ta Arewa ne ya gina shi a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 27. Limamai sun soke shi ta fuskar addini, talakawa ta fuskar tsada, a lokacin da birnin ke fama da ɗaukewar wutar lantarki. Da Wade ya ce kashi 35 cikin ɗari na kuɗin shigarsa nasa ne saboda shi ya kawo tunanin, sai surutu ya ƙaru. A ganina ginin ba shi da laifi ga ido, amma mutanen da aka ce don su aka yi shi ba a nemi ra'ayinsu ba.

Na ƙarshe yana Khartoum a da: Janar Gordon bisa raƙumi, Baturen da dakarun Mahadi suka kashe a 1885. Turawan mulkin mallaka suka kafa shi a tsakiyar birnin. Bayan Sudan ta sami 'yancin kai a 1956 aka sauke shi aka mayar Ingila, aka girke shi a harabar wata makaranta mai ɗauke da sunansa.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dasa aya.