Darasin Ƙididdiga: Su Wa Kuka Tambaya?

Shugaban zama, wakilan ma'aikatar ilimi, 'yan'uwana malaman lissafi, lokacin kaɗan ne, bari mu shiga magana.

Kun san yadda muke koyar da ƙididdiga a babbar sakandare. Malam ya kwafo jadawalin makin wasu ɗalibai na cikin littafi, yara su cinye darasin gaba ɗaya suna ninkawa suna tarawa, a fitar da matsakaici, a kaɗa ƙararrawa. Na daɗe ina faɗa a tarukanmu cewa wannan aikin haɗa lambobi ne kawai. Yaron da ya ci wannan darasi, gobe in ya ji a rediyo an ce kashi 70 cikin 100 na jama'a sun fi son abu kaza, ba zai tambayi mutum nawa aka tambaya ba, balle su wane ne.

Abin da nake nema shi ne aji ya yi nasa binciken a kan abin da mutane suka fi son saye. Zoɓo ko kunun aya a tashin tara, wannan sabulun wanki ko wancan. Su tsara tambayar da kansu, su tattaro amsoshi, sannan su zuba alƙaluman cikin kalkuleta mai zane, ta fitar musu da matsakaici da hoton ginshiƙai nan take. Na'urar ba sabuwa ba ce. Casio ya fitar da ta farko, fx-7000G, tun 1985, kuma TI-84 Plus da ta cika makarantun Amurka ta fito a 2004. Lokacin da ta rage mana, shi za mu kashe a kan ainihin ƙididdiga.

Ga labarin da nake so kowane aji ya ji kafin ya fita. Kamfanin Coca-Cola ya ga Pepsi na cin kasuwarsa, musamman da gwajin ɗanɗano da Pepsi ke yi a bainar jama'a tun 1975, inda ake ba mutum kofi biyu ba tare da ya san wanne ne wanne ba. Sai Coca-Cola ya haɗa sabon lemo mai ƙarin zaƙi, ya gwada shi a kan mutane kusan 200,000. Mafi yawansu suka zaɓi sabon. Ranar 23 ga Afrilu, 1985, aka janye tsohon lemon aka fitar da sabo. Jama'a suka yi caa, wasiƙu da kiran waya ba iyaka, bayan kwana 79 kamfanin ya dawo da tsohon. Ku lura, babu wanda ya yi kuskuren tarawa. Yawan mutanen ma ya wuce abin da ake buƙata nesa ba kusa ba. Matsalar tana cikin tambayar. An tambayi mutane wanne ya fi daɗi a kurɓi ɗaya, alhali mai saye kwalba guda yake shanyewa. Kuma galibinsu ba a gaya musu cewa zaɓen sabon na nufin rasa tsohon da suka tashi da shi ba. Ɗalibin da ya tsara tambaya da hannunsa, ya ga yadda sauya kalma ɗaya ke juya amsa, zai gane wannan tun yana aji huɗu. Zai kuma gane cewa in ya tsaya kusa da mai zoɓo yana tambaya, zoɓo ne zai ci.

A nan na'urar take da amfanin da alli ba shi da shi. A ce ɗalibai sun tambayi mutum 60, 33 suka zaɓi zoɓo. Za su yi murna, kashi 55 ke nan. Sai malam ya sa kowa ya umarci kalkuleta ta jefa kwabo sau 60 ta ƙirga, a maimaita, a zana sakamakon ajin duka. Za su gani da idonsu cewa ko da jama'a sun rabu biyu daidai, ana samun 33 ko fiye kusan sau ɗaya cikin huɗu. Daga nan sai ƙa'idar da muka sani: mutum 100 na ba da tangarɗar kusan maki 10, mutum 400 maki 5, wato sai ka ninka mutane sau huɗu kafin ka rage ta da rabi.

Na san abin da wasunku za su ce. Wai kalkuleta na kashe ƙwaƙwalwa. Haka aka ce lokacin da muka bar jadawalin logarithm, lissafi bai mutu ba. Wai WAEC da NECO ba su yarda a shiga ɗakin jarrabawa da mai ajiye umarni ba. Gaskiya ne, amma ni maganar aji nake yi, kuma wanda ya fahimci abin da lambar ke nufi ba zai kasa fitar da ita da hannu ba. Tsada kuwa, guda goma sun ishi makaranta in an raba yara rukuni-rukuni. GeoGebra da Desmos kyauta suke a waya. Ko fx-991ES da ke jakar ɗalibai da yawa tana da sashen ƙididdiga da malamai ƙalilan ne ke buɗewa.

Ga ma'aikatar ilimi kuwa, ga roƙona. Kada a sayo na'ura a kulle a ofishin shugaban makaranta don gudun ɓacewa. A fara horar da malamai, a kwalejojin ilimi da lokacin hutu, kowane malami ya gudanar da bincikensa kafin ya sa yara. Sannan a ware wani kaso na makin aikin zango ga rahoton binciken da rukuni ya rubuta, kuma a sakin layi na farko su faɗi su wa suka tambaya, a ina, da wace kalma.