Kalibar 12, Magnum da Kalashi: Wace Ta Fi Ƙarfi?



Makon da ya wuce ina zaune a wata fada nan Dogon Dutsi, ana dafa shayi, sai gardama ta ɓarke. Wani ya ce ba bindigar da ta kai magnum, ya gani a fim. Wani ya ce ƙarya ne, kalibar 12 ta kakansa in ta yi tsawa ko gyado ba ya sake motsi. Anka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don wanda ke yabon kalibar 12 ɗin ƙanena ne, kuma na san yana tara kuɗi ya sayi tashi, wai ya tsare shanun gidanmu a ƙauye. Shi ya sa na ce yau mu raba gardamar nan da lissafi.

Mu fara da bindigar mahalba, kalibar 12. Faɗin bakinta kamar milimita 18 da rabi ne. Harsashinta cike yake da ƙwayoyin darma: na halbin zabi da kurciya ƙanana ne, ɗaruruwa; na manyan namun daji kuwa sau da yawa guda tara ne. Ƙarfin dukan da ke fita daga bakinta yakan kai jul 2,000 ko fiye, jul shi ne ma'aunin ƙarfin duka. A kusa, abin tsoro ce ƙwarai. Amma da ƙwayoyin sun fita sai su watse, gudunsu ya ragu. Bayan mita 40 zuwa 50, ba a dogara da ita.

Magnum fa? Kalmar Latin ce, ma'anarta babba. Harsashi ne da anka ƙara ma albarushi. A Amurka kamfanin Smith & Wesson ya fito da ƙaramar bindiga mai .357 Magnum a 1935, sai .44 Magnum ta biyo baya wajen shekara ashirin. Fim ɗin Dirty Harry na 1971 ne ya yi mata suna a duniya. To amma .357 ba ta cika wuce jul 800 ba, .44 kuma tana tsakanin 1,000 da 1,500. Kun ji ke nan: a kusa, bindigar kaka ta fi ta ɗan fim. Ƙanena ya ci gardama.

Sai dai gardamar da ya ci ba ita ce tamu ba. Wa ya taɓa ganin ɓarayin shanu da magnum? Masu shigowa bisa moto kalashi ke rataye a kafaɗarsu. Harsashinta ɗaya ƙarfinsa kamar jul 2,000 ne, bai fi na kalibar 12 ba. Bambancin yana wani wuri. Yana fita da gudun mita 700 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya, yana samun mutum daga mita 300, kuma gidan harsashinta na ɗaukar talatin. Ku kwatanta da filin ƙwallo: mai kalibar 12 iyakarsa tsakiyar fili, mai kalashi yana iya tsayawa bayan fili uku. Kai ka halba ɗaya ko biyu ka tsaya ɗuri, shi yana da sauran ashirin da takwas. Ashe maganar ba ta ƙarfin tsawa ba ce, ta tazara ce da yawan harsashi.

Mu 'yan Arewa bai kamata a koya muna wannan ba. A Lugu, ranar 16 ga Afrilu 1899, mayaƙan Sarauniya Mangu sunka tari rundunar Voulet da Chanoine da baka da kibiya mai dafi. Ba wanda zai ce ba su da zuciya. Sun kashe sojoji, sun sa Faransawa ƙona harsashi masu yawa. Amma garin an ƙone shi, kuma abin da ya tsirar da jama'a shi ne sanin daji da janyewa cikin kurmi a kan lokaci. Muna alfahari da jaruntakar, muna mantawa da dabarar.

Ga na zamaninmu. A farkon Nuwamba 2021, magajin garin Banibangu a jihar Tillaberi ya fita da 'yan sintiri don bin sawun 'yan bindiga. Anka yi musu kwanton ɓauna. Gwamnati ta ce mutum 69 sunka rasu, har da shi magajin garin. A Nuwamba 2024 kuma, nan ƙetaren iyaka, a Mera ta ƙaramar hukumar Augie cikin jihar Kebbi, Lakurawa sunka kore shanu, mutanen gari sunka bi su, aƙalla 15 ba su dawo da rai ba. Allah ya jiƙan su. Ba ragwaye ba ne, mazaje ne. Makamin ne ba ɗaya ba.

Na san abin da wasunku za su ce: to mu naɗe hannu a kwashe muna dukiya? Tambaya ce ta gaskiya, ni ma shanun nan da su anka biya mini karatu. Wasu kuma za su ce mu ma mu nemi kalashi. Ku dubi Zamfara da Katsina. 'Yan sa-kai sun tashi don kare kai, abin ya koma ramuwar gayya tsakanin maƙwabta, har yau ba a ga ƙarshe ba. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai ke kwarara cikin Sahel, kuma yawansu bai sa kowa barci da ido biyu rufe ba. Bindiga in ta shiga gida ba ta tambayar don wa anka saye ta.

Ga abin da nake roƙo. Na ɗaya, kada a bi sawun shanun da anka kore. Mai kora ya san za a biyo shi, ya riga ya zaɓi inda zai laɓe. Na biyu, kowane ƙauye daga Dankasari har Tibiri ya san wa zai kira, da wace lamba, da inda mata da yara za su nufa in an ji motsi. Na uku, mu koyi tsayar da jini. Kwas ne na 'yan kwanaki, kuma yana ceton rai kafin a kai ga likita. Na huɗu, wanda ya gaji bindigar farauta ya nemi takardar izini, ya ajiye ta ba ɗuri, nesa da yara. Wanda ke riƙe da makamin yaƙi kuwa, ƙasar nan tana da hukumar karɓar haramtattun makamai tun 1994. Na biyar, tsaro haƙƙinmu ne bisa hukuma. Mu je wurin magajin gari, da hakimai, da jandarmomi, mu nema da baki ɗaya, mu koma mu sake nema.

Ƙanena har yanzu bai sayi bindigar ba. Bai ce mini ya fasa ba kuma. Kowannenku yana da irin wannan ƙanen, ko aboki. In kun koma fada yau da dare, ku yi mishi lissafin filin ƙwallon nan.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa damina ta yi albarka.