Furen Gaske, Yaron Gaske, Fukafukin Wasa

 

Dalilin wannan 'yar magana tawa shi ne, kwanakin baya wani bawan Allah daga cikinmu ya tare ni da wani ƙaramin littafi da 'yarsa ta zo da shi daga makaranta. Kowane shafi yaro ne ko yarinya da fukafukai, a tsaye ko a zaune kan fure. Ya ce, "Malam, ba aljanu ake cusa wa yaranmu ba kuwa?" Na ce ya ba ni lokaci in ba shi amsa a gaban jama'a, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Wadda ta yi zanen wata Baturiya ce, Cicely Mary Barker. An haife ta a garin Croydon, kudu da Landan, a 1895. Tun tana ƙarama take fama da farfaɗiya, saboda haka a gida ta yi yawancin karatunta, fensir da takarda su ne abokan wasanta. Mahaifinta ya rasu a 1912, gida ya shiga matsi, zanen da take yi don ɗebe kewa ya koma hanyar cefane. A 1923 kamfanin Blackie ya sayi zanenta 24 tare da baitocin da ta rubuta musu a kan fam 25, aka buga littafin farko na furannin da ke fitowa bayan sanyi ya wuce. Wasu suka biyo baya a 1925 da 1926, aka yi ta yi har 1948. Ta rasu a 1973, amma har yau ana buga littattafan.

To, yaya take aikin? Nan ne nake so ku ba ni aron hankalinku. Ba ta zana fure da ka. Sai ta samo tsiron kansa ta ajiye a gabanta, ta ƙirga ganye, ta duba yadda jijiyar ganyen ta tafi, ko karan yana da gashi ko sumul yake. In ta rasa wani a unguwarsu, ma'aikatan lambun Kew da ke Landan sukan taimaka mata da shi. Yaran ma na gaske ne. Daga 1924 yayarta Dorothy ta buɗe makarantar ƙananan yara a cikin gidansu, su ne take tsayarwa ta zana. Ita ke ɗinka musu tufa mai kama da furen, ta haɗa fukafukai da tsinke da yadi mai shara-shara, ta ba yaro furen ya riƙe. A takarda sai ta ƙara wa furen girma har ya kai tsayin yaron, ba tare da ta ƙara masa ganye ko ɗaya ba.

Fentin ruwa kuwa, wanda bai taɓa gwadawa ba sai ya ɗauka wasan yara ne. Launi ne da ake tsarma shi da ruwa, yana da haske har ana hango takarda ta ƙarƙashinsa. Farin da kake gani a jikin fure galibi takardar ce aka bari ba a taɓa ba. Ana farawa da launi mai haske, a jira ya bushe, sannan a ɗora mai duhu. In hannu ya goce, da wuya a rufe kuskuren kamar yadda mai fentin mai ke yi. Shi ya sa masu zanen tsirrai suka daɗe suna son sa, domin ganyen fure shi ma haske yana ratsa shi.

Abin da ya fi burge ni, ba furannin gidan sarauta kaɗai ta bi ba. Har ciyayin bakin hanya, irin waɗanda Bature ke tugewa ya yar daga lambunsa, ta ba su shafi guda da sunansu. Yaron birni da bai taɓa riƙe fartanya ba sai ya fita ya gane su.

Mu koma ga tambayar ɗan'uwanmu. Abin da Turawa ke kira "fairy" a irin waɗannan littattafai 'yan mitsi-mitsin halittu ne na tatsuniya, matsayinsu ya fi kusa da Gizo da Ƙoƙi a wurinmu. Amma gaskiya a zamaninta akwai manya da suka gaskata da su. A 1917 wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley suka ɗauki hotuna suka ce ga su nan sun gani. Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, mutum mai ilmin likita, ya yarda har ya buga hotunan a mujalla a 1920. Sai a 1983, bayan sun tsufa, matan suka amsa cewa takarda ce suka yanka suka kafe da fil. Ita kuwa Barker, a gabatarwar littafinta na 1948, ta gaya wa yara ƙarara cewa tsirran daga na gaske ta zana su, amma masu fukafukan ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba, wasa ne kawai. A ganina wannan ya isa amsa, kodayake kowane uba shi ya san abin da zai bari a gidansa.

Ni dai da yarinyar ta zo karɓar littafinta, na tambaye ta ko ta san tafasa. Ta ce ta san kwaɗonta. Na ce ganyen nata nawa-nawa suke jeruwa a kara? Ta yi shiru. Mahaifinta ma, da aka haifa a gona, sai da ya yi ɗan tunani.

Ga littafin nan zan miƙa daga sahun gaba, a duba a hankali don Allah, na aro ne.