Wanda Ya Yi Wasan Shi Zai Tashi Ya Warware Shi

Bayan sallar Isha'i ne Malam ya yi wa 'yan uwa matasa jawabi a kan wasa da raha, sakamakon labarin da ya iso masa cewa wasu 'yan uwa biyu sun shafe wata guda ba sa ga maciji da juna. Dalili kuwa, ɗaya ya kwaikwayi yadda ɗayan yake karatu a majalisa, jama'a suka bushe da dariya, shi kuma ya tashi ya tafi, bai sake zuwa darasi ba.

Malam ya fara da cewa Musulunci bai hana raha ba, domin Manzon Allah (SAW) da kansa yakan yi, illa dai ba ya sa ƙarya a ciki. Ya kawo labarin da Tirmizi ya ruwaito a Shama'il, na tsohuwar da ta roƙi Manzo ya yi mata addu'ar shiga Aljanna, sai ya nuna mata tsohuwa ba ta shiga. Ta juya tana kuka. Nan take ya sa aka sanar da ita manufarsa, cewa za ta shiga, amma da ƙuruciyarta, ba da tsufa ba.

"To ku lura da nan, 'yan uwa," in ji Malam. "Maganarsa gaskiya ce, amma bai ce laifinta ne da ba ta gane ba, bai kuma bari ta kwana da abin ba. Mu fa? Ka ɓata wa ɗan uwanka rai, sannan ka ƙara masa da cewa ai shi bai san wasa ba. Ga duka, ga hana kuka!"

Ya ci gaba da cewa Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, ko taubasai, sukan gaya wa juna maganar da wani zai yi dambe a kanta, amma su tashi suna dariya, saboda kowannensu ya san da wasan tun kaka da kakanni. Wanda ba haka kuke da shi ba, ba ka da wannan izinin, balle ka taɓa iyayensa, ko talaucinsa, ko wata nakasa a jikinsa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat, in ji shi, ta hana izgili da jifa da mummunan laƙabi.

Sai dai bai ƙyale wanda aka ɓata wa ba. Ya ce aya ta 12 da ke biye ta yi gargaɗi kan yawan zato, don haka kafin ka yanke cewa raini ne, ka ja mutumin gefe ka tambaye shi me yake nufi. Gaba kuwa, hadisi ya iyakance ta ga kwana 3, su ga shi sun kai 30.

Wani ɗan uwa ya tambaya, idan an je ba da haƙuri ya ƙi saurara fa? Malam ya ce a sake komawa tare da wani babba da yake jin nauyinsa. Ya kuma umurci duk waɗanda suka yi dariya a ranar su raka mai zolayar gidan ɗan uwan kafin Juma'a, domin dariyarsu ce ta tashe shi daga majalisar.