Muhawarar Auren Jinsi da Haƙƙin Wanda Aka Zarga, Bisa Misalin Gwarzo da Kabo



Ran 29 ga watan Nuwamba, 2011, Majalisar Dattijai ta Nijeriya, a ƙarƙashin shugabancin David Mark, ta amince da shirin dokar da ta hana ɗaura aure tsakanin namiji da namiji, ko tsakanin mace da mace. A lokacin, Sanata Bello Hayatu Gwarzo ne yake wakiltar Kano ta Arewa, kuma shi ne mai tsawatarwa na majalisar. Majalisar Wakilai, inda ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suke da kujera guda a tsakaninsu, ta bi sahu ran 30 ga Mayu, 2013, sa'an nan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu cikin Janairun 2014. Watau dai da hannun wakilan mutanen wannan yanki aka yi dokar, ko da yake da za a shiga Getso ko Garo a tambayi dattawan da suke zaune a ƙofar masallaci, da wuya a sami wanda zai ce wani ya taɓa zuwa neman a ɗaura masa irin wannan aure.

Dalili kuwa a fili yake. Aure a Gwarzo da Kabo yana tsayawa ne a kan waliyyi, da sadaki, da shaidu, da siga, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta shimfiɗa, kuma ba a san shi ba sai tsakanin namiji da mace. Tsarin Mulki na 1999 ma, da ya ba Majalisar Tarayya ikon yin dokokin aure, sai ya keɓe auren Musulunci da na gargajiya. Shi kansa luwaɗi tun tuni laifi ne a dokar ƙasa: sashe na 284 na kundin Final Kod, wanda Jihar Arewa ta fara aiki da shi a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, kana Jihar Kano ta zo da kundin hukuncin shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Saboda haka, ta fuskar aure, dokar 2014 ƙofa ta kulle wadda da ma a toshe take.

To, daga ina maganar ta taso? Daga waje ta taso. Ƙasar Holan ce ta fara halatta irin wannan aure a 2001. Afirka ta Kudu ta yi nata a 2006, bayan kotun tsarin mulkinta ta yanke hukunci a 2005, domin tsarin mulkin ƙasar ya ambaci wannan al'amari ƙarara a cikin abubuwan da aka hana nuna wa mutum bambanci saboda su. A Amurka Kotun Ƙoli ce ta yanke a watan Yunin 2015, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Hujjar masu goyon baya a waɗannan ƙasashe ita ce, aure a wurinsu yarjejeniya ce da hukuma take rubutawa, wadda gado da haraji da fansho da izinin tsayawa kan majinyaci suke rataye a jikinta, don haka hana wasu 'yan ƙasa shiga cikinta tauye musu daidaito ne. Masu suka kuwa suna cewa aure ya girmi hukuma, ba ita ta ƙaga shi ba, balle ta sake masa ma'ana. A Nijeriya gwamnatin Obasanjo ta kai irin wannan shiri majalisa a 2006, bai kai labari ba. Amma cikin Oktoban 2011 Firayim Ministan Ingila, David Cameron, ya yi barazanar rage taimako ga ƙasashen da suke hukunta luwaɗi, wata guda bayan nan kuwa dattawa suka kaɗa ƙuri'a. Ba abin da yake haɗa kan 'yan majalisar Nijeriya, Musulmi da Kirista, kamar tsohon mai mulkin mallaka ya ɗaga musu yatsa.

Sai dai fa tambayoyi biyu ne aka cuɗanya wuri guda. Ta farko, shin hukuma za ta yarda da wannan aure? Wannan jama'a sun amsa ta, kuma babu alamar mutanen Kano za su sake amsa. Ta biyu, mene ne haƙƙin mutumin da aka nuna da yatsa aka ce yana aikata wannan abu? Ita ce take iya faɗowa kan teburin hakimi, ko shugaban makaranta, ko malamin asibiti, kuma ita ce aka fi sakaci da ita.

A dubi abin da dokar ta ƙunsa bayan maganar aure. Ta sa ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren. Ta sa shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyar masu wannan ɗabi'a ko ya shiga cikinta, da kuma shekara 10 ga wanda ya nuna soyayyar jinsi ɗaya a bainar jama'a, kai tsaye ko a fakaice. Wannan kalma ta ƙarshe tana da faɗin baki ƙwarai. A ƙasar Hausa abokai biyu maza sukan riƙe hannun juna suna tafiya, ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a bakin kome. Haka nan 'yan daudu, waɗanda aka daɗe da sanin su da sayar da abinci a tasha da kasuwa, ana gane su ne ta magana da tafiya, alhali kuwa salon magana ba hujja ba ne a kan abin da mutum ya aikata. Duk dokar da ta bar wa mai kamu ya fassara ta da idonsa, ta buɗe hanya ga mai neman cin hanci da mai ramuwar gayya.

Abubuwan da suka biyo baya sun nuna wannan tsoro ba na banza ba ne. Cikin Janairun 2014 taron jama'a suka yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, tun alƙali bai gama sauraro ba. A watan Fabrairu na shekarar aka fito da wasu maza daga ɗakunansu a unguwar Gishiri ta Abuja aka lakaɗa musu duka. A Kano, Hisba ta kama mutum 12 a Janairun 2015, da wasu 19 a Disamban 2022, bisa zargin bikin aure. A Zariya an kama 53 a Afrilun 2017. A Ikko an gurfanar da maza 47, aka yi ta ɗage shari'a har Oktoban 2020, inda Babbar Kotun Tarayya ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidu. Kotu ta sallame su, amma an riga an nuna fuskokinsu a talabijin. Mafi kusa da gida, kuma mafi ciwo, shi ne abin da jaridu suka ruwaito a Yulin 2025 daga wata makarantar kwana ta gwamnati a Bichi, inda ɗalibai suka hukunta 'yan'uwansu biyu da hannunsu bisa irin wannan zargi, har yaran suka rasu.

Abin lura shi ne, ba sai an tafi Turai ba kafin a sami abin da ya hana wannan ɓarna. Shari'ar da ta tsananta hukuncin luwaɗi ita ce kuma ta tsananta hanyar tabbatar da shi. A wurin Malikiyya sai da shaidu huɗu adilai waɗanda suka ga aikin da idanunsu, ko kuwa mutum ya yi iƙirari da bakinsa ba tare da tilas ba, in ma ya janye iƙirarin a karɓa masa. Wanda ya jefi wani da wannan zargi ya kasa kawo shaidu, shi ne mai laifi: bulala 80 ce haddin ƙazafi, kuma a daina karɓar shaidarsa. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Zartar da haddi kuwa aikin hukuma ne bayan hukuncin alƙali, ba na samarin unguwa ba ne. Duk almajirin da ya sauke Risala a zauren malaminsa a Gwarzo ya san waɗannan ƙa'idoji. Abin mamaki shi ne yadda ake haddace babin hukunci a manta da babin shaida, alhali suna maƙwabtaka da juna a littafi ɗaya.

Tsarin Mulki ma wajen nan ya nufa, da nasa harshen. Sashe na 34 ya hana azabtar da mutum ko wulaƙanta shi, sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar, sashe na 37 ya kare sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Masu kare dokar 2014 sukan kafa hujja da sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi domin kiyaye tarbiyyar jama'a. Gaskiya ne ya yarda, amma sassa na 37 zuwa 41 kaɗai ya ambata. Bai taɓa na 34 da na 36 ba. Watau ko da an amince da dokar ɗungurungum, babu izinin duka, babu izinin yawo da wanda aka kama a gaban 'yan jarida kamar an riga an same shi da laifi.

Wani zai ce irin wannan bayani sassauci ne, kuma da kaɗan-kaɗan ake buɗe ƙofa. Amsar ita ce, ƙa'idar shaida ba don mai laifi aka kafa ta ba, don wanda aka yi wa sharri ne, kuma kafin a yi shari'a ba mai iya rarrabe su. A ƙaramin gari, inda kowa ya san gidan su kowa, zargi kaɗai ya isa ya hana ƙannen mutum mata samun miji, ya kuma raba shi da rumfarsa ta kasuwa. Abokin hamayyar siyasa ya san haka, wanda ake bi bashi ma ya sani.

Akwai kuma ɓangaren lafiya, wanda ya shafi ma'aikatan asibiti kai tsaye. Wani bincike da aka yi a Abuja a kan maza masu wannan ɗabi'a, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya nuna waɗanda suke tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 cikin ɗari kafin dokar zuwa kashi 38 bayanta. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau da ya guje wa magani ba shi kaɗai yake cutuwa ba, domin da yawa daga irin waɗannan maza suna da matan aure, ko za su yi. Malamin asibiti a Gwarzo ko Kabo da ya tona asirin majinyacinsa ya karya amanar aikinsa, kuma majinyata goma da suka ji labari ba za su sake zuwa gwaji ba.

Shugaban makarantar kwana kuwa, in ƙorafi ya zo masa, abin da yake wuyansa shi ne ya raba yaron da ake zargi da taron ɗalibai a daren nan, ya kira iyaye, ya rubuta wa ma'aikatar ilmi, kada ya bar wa manyan ɗalibai bincike ko horo. In akwai alamar babba ne ya ci zarafin ƙarami, wannan fyaɗe ne, sai a kai yaron asibiti, a miƙa maganar ga 'yan sanda. Dagaci ko mai unguwa da aka kawo wa ƙara, ya fara tambayar mai ƙarar abin da ya gani da idonsa, da ranar, da wurin, da waɗanda suke tare da shi, ya kuma karanta masa hukuncin ƙazafi kafin ya sa a rubuta sunan kowa.