Idan Mai Gidan Haya Zai Sayar da Gidansa



Yau zancen gidan haya za mu yi. Kina zaune da hantsi kina wanke-wanke, maigidanki ya fita nema, sai ki ji sallama. Yaro ya leƙa ya dawo ya ce dillali ne da waɗansu mutum biyu, wai sun zo ganin gida. Ke ba ki san an sa gidan a kasuwa ba. Bayan kwana biyu kuma saƙo ya zo, wai an yi ciniki, ku tashi ƙarshen wata. To a nan ne da yawanmu hankali ke tashi, mu hau ɗaure kaya tun ba a je ko'ina ba.

'Yar'uwa, tsaya tukuna. Gida nasa ne, ba mai hana shi sayarwa. Amma sayar da gida ba ya kashe hayar da aka riga aka ƙulla. Wanda ya saya ya saya ne da ku a ciki, shi ne ya zama sabon mai gidan hayarku har wa'adin da kuka biya ya cika. Haka abin yake a dokar ƙasa, kuma malaman Malikiyya ma a kan haka suke: haya alkawari ce mai ɗaure ɓangarori biyu, ciniki ba ya warware ta.

Sannan akwai notis. Idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi wani wa'adi dabam, dokokin karɓar gida daga 'yan haya a Nijeriya sun ba mai biyan wata-wata wata 1, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan shekara-shekara kuma wata 6. Idan notis ya ƙare ba ku tashi ba, sai a kawo wata takardar ta kwana 7, ta cewa za a je kotu. Amma ku lura, wanda ya sa hannu a kan haya mai ƙayyadadden wa'adi, misali shekara ɗaya tak, idan ta cika, wannan ta kwana 7 ɗin kawai yake da ita. Shi ya sa nake yawan cewa a karanta takarda kafin a dangwala mata hannu. Ko ma dai yaya ne, kotu ce ke fitar da ɗan haya. Cire kwanon rufi, ko yanke wuta, ko ɗana kwaɗo a ƙofa, ko watso kaya waje, duk ɗaukar doka ne a hannu.

To idan shi mai gidan ya matsu fa? Sau da yawa mai saye yakan ce ba zai biya ba sai ya ga gida wayam. Kuma mu yi adalci, wani ba son ransa ba ne, bashi ne ko jinya ta sa shi rabuwa da gidan. Sai a zauna a yi sulhu. Tunda shi ke roƙon ku tashi da wuri, ku ma kuna da bakin magana. A ce kun biya naira 600,000 a watan Janairu, ana so ku tashi ƙarshen Afrilu. Wata 4 kuka ci, saura 8, kuɗinku naira 400,000 ke nan. A ba ku a hannu kafin ku miƙa makulli, ba "in an biya ni zan aiko" ba. Ku kuma nemi ya taimaka da kuɗin mota da la'adar dillalin sabon gida. Wannan ba dole ba ne a kansa, amma ana nema a dace. A rubuta komai, da ranar tashi, gaban mai unguwa da shaidu biyu.

Aikinki a nan shi ne rasit. Mu mata mu ne masu ajiya, amma sai ki ga an adana rasit ɗin gwal a ƙasan akwati, na haya kuwa yara sun yi jirgi da shi! Sa shi a leda ki ɓoye. Idan aka kawo takarda maigidanki ba ya nan, karɓa ki rubuta ranar da ta zo, kada ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta ba. Masu ganin gida kuma ki ce su tsayar da lokaci da maigida.

Wadda ke riƙe da gida ita kaɗai, kamar mai takaba ko bazawara, kada ta ji kunyar neman taimako. Ta fara da mai unguwa, in a Kano ne akwai Hisbah masu yin sulhu, akwai kuma ofishin Legal Aid da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya kyauta.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba batun gyaran gida, wa ke da alhakin biya idan rufi na yoyo.