"Da Sauƙi" Ba Amsa Ba Ce: Neman Tallafin Naƙasa a Birtaniya da Ƙalubalantar Hukuncinsa

 

An ce in yi magana a kan tallafin da gwamnatin Birtaniya ke bai wa masu naƙasa da masu doguwar jinya. Zan fara daga gaisuwarmu. In ka shiga duba marar lafiya, ko da numfashinsa na fita da ƙyar, ka ce masa "ya jiki?", amsa ɗaya ce: "da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka aka rene mu. Wanda ya zauna yana lissafa ciwonsa sai a ce ba shi da tawakkali, ko a ce raki ya yi masa yawa. Tarbiyya ce mai kyau, ban zo in rushe ta ba. Sai dai na shekara ina taya mutanenmu cika takardun neman tallafi a ƙasar nan, kuma ban ga abin da ya jawo mana asara kamar wannan "da sauƙi" ba, idan aka faɗe ta a gaban mai riƙe da biro yana ba da maki.

Tallafin da nake nufi shi ne wanda ake kira PIP. Ya fara aiki a watan Afrilun 2013, ƙarƙashin dokar gyaran tsarin walwala ta 2012, ya maye gurbin tsohon tallafin da ake kira DLA ga manya. Ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, ita ke biyansa a Ingila da Wales. Waɗanda suka taho daga Glasgow su sani tun 2022 Sikotilan ta kama nata tsarin daban. Ana nema daga shekara 16 har zuwa shekarun fansho. Ba a duba albashinka ko ajiyarka, mai aiki ma yana iya samu, wannan kuma mutane da yawa ba su sani ba. Sharaɗin lokaci shi ne larurar ta kai wata uku tana damunka, kuma ana sa ran za ta ƙara wata tara. Kashi biyu ne: na hidimar yau da kullum, da na zirga-zirga. A Afrilun 2025, na farkon ya kasance fam 73.90 ko fam 110.40 a mako, na biyun fam 29.20 ko fam 77.05.

Kafin in ci gaba, ga kashedi ga ɗalibai da masu bizar aiki. PIP yana cikin kuɗin gwamnati da aka haramta wa wanda takardar zamansa ta ce ba shi da damar cin kuɗin jama'a. Nemansa a wannan hali na iya ɓata maka takardu. Duba sharaɗin bizarka tukuna, ka tambayi masanin dokar shige da fice.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wannan tsari ba ya tambayar sunan ciwonka. Kana iya zuwa da takardar babban likita mai ɗauke da sunan cuta mai tsawon layi biyu, ka tashi da sifili. Abin da ake aunawa shi ne me ciwon ya hana ka yi. Ayyuka goma ne a ɓangaren yau da kullum: girki, cin abinci, kula da magani, wanka, bayan gida, sa tufafi, magana, karatu, cuɗanya da mutane, da sarrafa kuɗi. Biyu a ɓangaren zirga-zirga: tsara tafiya da bin hanya, sai takawa da ƙafa. Kowane aiki da makinsa. Ka tara 8 a ɓangare guda, ka sami ƙaramin kaso. Ka tara 12, ka sami babba. A girki, misali, mai buƙatar kujerar zama ko wani abin taimako yana da maki 2, mai buƙatar wani ya tsaya a kansa ko ya kama masa yana da 4, wanda ba ya iyawa sam yana da 8. Girkin da suke nufi ma ba tuwo da miyar kuka na gida guda ba ne, abinci ne mai sauƙi na mutum ɗaya daga ɗanyen kaya. A tafiya kuwa, babban kaso na wanda ba ya wuce mita 20 ne, kamar tsawon motar bas biyu ta Landan a jere. A zamanin DLA mita 50 aka saba aunawa da ita, kuma wannan ragi ya raba mutane da yawa da motocin da suke samu ta shirin Motability.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don abin da zan faɗa shi ne rabin laccar. Dokar da kanta ta ce ba a ɗaukar mutum a matsayin mai iya aiki sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yana yin sa yadda ya kamata, yana iya maimaitawa gwargwadon buƙata, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na mai lafiya ba. Sannan ana duba yawancin kwanaki ne, wato fiye da rabin kwanakin shekara, ba ranar da ka tashi da ƙarfi ba. Ke nan baiwar Allah da ta iya shiga wanka da safe amma sai ta kwanta awa biyu kafin ta dawo hayyacinta, a idon doka ba a ce ta iya wanka kai tsaye ba. Dattijon da ya taka zuwa masallacin Juma'a ya wuni Asabar a gado, ba a ce yana maimaita tafiya ba.

Wannan ya fi shafar masu sikila, kuma kun san yadda take a cikinmu. Ciwo ne mai zuwa da tafiya. Yau yaro yana dariya, gobe sanyi ya buge shi yana murƙususu a asibiti. Haka masu farfaɗiya, da masu ciwon damuwa, wanda mu har yanzu muke jin nauyin ambatonsa. A Disambar 2017 babbar kotun Ingila ta soke wani gyaran doka da ya rage makin masu kasa fita saboda firgici da ƙuncin zuciya, ta ce wariya ce, gwamnati kuma ta koma ta sake duba takardun mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi. Ciwon da ba a gani da ido ma yana da maki.

Bari in ba ku labarin wata uwa, ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba. Ciwon gaɓɓai ya cinye mata gwiwoyi da yatsu. Ranar da za a tantance ta, ta yi abin da kowace mace tamu za ta yi in za ta ga hukuma: ta tashi tun asuba, 'yarta ta taya ta wanka, ta ɗaura mata atamfa mai kyau, ta ɗaura mata kallabi don hannunta ba ya kaiwa ƙeya. Aka tambaye ta, kina girki? Ta ce tana yi mana, wace mace ce ba ta girki. Ba ta ce 'yar ce ke yanka albasa, ke sauke tukunya, ita nata zama a kujera da ba da umarnin gishiri ba. Aka zo kan bayan gida, ta sunkuyar da kai ta ce babu matsala, alhali buta ma ba ta iya ɗagawa. Da takarda ta zo, an rubuta cewa ta zo tsaf cikin shiga mai kyau, tana girki, ba ta da matsalar tsarki. Maki sifili. Ta ce da ni, "Ɗana, ai ban yi ƙarya ba." Na ce, "Mama, ba ki yi ƙarya ba, amma gaskiyar ma ba ki faɗa ba."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai nuna ba, mai gyara wucewa zai yi. Saboda haka in fom ɗin neman tallafin ya zo, wanda ake ba ka wata guda ka mayar, kuma ana ƙara lokaci in ka roƙa, kada ka cika shi a dare ɗaya. Ɗauki littafi ka yi mako biyu kana rubuta yadda kowace rana ta wuce: ƙarfe nawa ka iya tashi, wa ya sa maka safa, sau nawa ka tsaya hutawa tsakanin ƙofa da tashar bas, yaushe ka ƙone da ruwan zafi. Wasiƙar wanda ke jinyarka hujja ce. Ka ajiye kwafin komai. Ranar tantancewa, ko ta waya ce ko ta bidiyo ko ido da ido, kana da damar zuwa da wani, da neman tafinta, da neman a naɗi hirar. Ka kuma sani tun daga yadda ka zauna da yadda ka ciro takarda daga jaka ana lura.

In hukunci ya zo ba yadda kake so ba, abu na farko duba kwanan watan da ke saman wasiƙar. Daga ranar kana da wata ɗaya ka nemi ma'aikatar ta sake duba hukuncinta. Wannan mataki tilas ne, ba a tsallake shi a tafi kotu. In ka makara da dalili mai ƙarfi, kamar kwanciya asibiti, ana iya karɓa har zuwa wata 13. Ka buga waya ka nemi kwafin rahoton mai tantancewa, ka bi shi layi layi. Kada ka ɓata tawada wajen cewa an zalunce ka. Rubuta cewa a aiki kaza an ba ni sifili, ga abin da ke faruwa da ni, ga makin da ya dace. Gaskiya ita ce a 'yan shekarun nan wajen ɗaya cikin biyar ne kawai ake sauyawa a wannan mataki, kuma a nan mafi yawan mutanenmu ke cewa Allah bai nufa ba, su naɗe takarda su sa ƙarƙashin katifa.

A nan ne kuskuren yake. Bayan amsa ta biyu kana da wata guda ka ɗaukaka ƙara, ta intanet ko da fom mai lamba SSCS1, kuma kyauta ne. Kotun ba ta ƙarƙashin ma'aikatar. Mutum uku ne ke zama: alƙali, likita, da wani mai masaniya kan rayuwar naƙasa. Ba irin kotun da kuke gani a talabijin ba ce, tebur ne da kujeru. Alƙaluman ma'aikatar shari'a sun daɗe suna nuna cewa wajen biyu cikin uku na ƙararrakin PIP da aka saurara, mai ƙara ne ke yin nasara. Wani lokaci ma ma'aikatar kan kira ta gyara hukuncin kafin ranar zama. Ka zaɓi a saurare ka da bakinka, kada ka bari a yanke a kan takarda kawai, don damar wanda ya bayyana ta fi yawa nesa ba kusa ba. Abu biyu za ka riƙe: suna duba halin da kake ciki ne a ranar da aka yanke hukuncin farko, kuma suna da ikon ragewa kamar yadda suke da ikon ƙarawa, ko da yake sukan yi gargaɗi kafin su rage. In ka ci, ana biyanka bashin da ya taru.

Ra'ayina a nan ba zan ɓoye shi ba. Tsarin da kotu ke juya biyu cikin uku na hukuncinsa da suka iso gabanta, akwai abin da ke damunsa tun daga tushe. Kuma nauyin gyaran an ɗora shi a kan mutumin da ya fi kowa rashin ƙarfi, ya yi watanni yana jira, bayan tun 2013 an janye tallafin lauya kyauta na gwamnati daga yawancin irin waɗannan shari'u. Wanda ya kalli fim ɗin Ken Loach na 2016, I, Daniel Blake, ya ga wannan wahala, ko da yake a kan wani tallafin daban aka gina shi. Ƙasar kanta ba ta gama shawara ba: a Maris 2025 gwamnati ta kawo shirin cewa sai mutum ya sami maki 4 a aiki guda kafin ya cancanci kason yau da kullum, 'yan majalisar jam'iyyarta fiye da 120 suka yi tawaye, a farkon Yuli aka janye, aka miƙa batun ga bitar da aka ɗora wa minista Stephen Timms. Ku riƙa sa kunne, ƙa'idojin na iya motsawa.

Maman nan da na ba ku labarinta kuwa, mun je kotu da ita bayan watanni. A mota na roƙe ta abu ɗaya, in an tambaye ta, ta ba da labarin jiya kawai, daga farkawa zuwa barci. Likitan ya tambaye ta yadda take alwala. Ta yi shiru, ta dubi 'yarta, sannan ta ce shekara biyu ke nan 'yar ce ke zuba mata ruwa tana wanke mata ƙafa. A ranar 'yar ta fara jin uwarta ta faɗi haka a gaban wani. An ba ta kason yau da kullum babba, da na zirga-zirga ƙarami.

Ba sai kun jira ni ba. Ofisoshin Citizens Advice da cibiyoyin ba da shawarar shari'a na unguwanni suna wannan aiki kyauta. Amma na hango wasu tun ɗazu suna taɓa jaka, na san akwai ambulan mai ruwan ƙasa na wasiƙar ma'aikatar a ciki. Bayan sallar La'asar ina teburin baya kusa da ƙofa. Wanda wasiƙarsa ta kusa cika wata ɗaya, shi zai fara zama.